Hanyoyin Ƙaro Ilimi ga Ma'aikatan Laburaren Manyan Makarantu: Nazari Daga Kafanchan da Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Aikin laburare yana daga cikin sana'o'in da ilimin da aka samo a makaranta ba ya daɗewa bai tsufa ba. A ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2013, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya koma amfani da sababbin ƙa'idojin rubuta bayanin littattafai waɗanda ake kira RDA, ya jingine tsofaffin ƙa'idojin AACR2 da aka fara wallafawa a 1978. Da yake ɗakunan karatu da dama a Nijeriya kan kwafo bayanin littattafan ƙasashen waje ne daga rumbun wancan laburare, sai sauyin da aka yi a birnin Washington ya iske ma'aikacin da ke zaune a Gidan Waya ko Kafanchan a kan teburinsa, ba tare da an yi shawara da shi ba. Wanda ya sauke karatu a Zariya a 1995, alal misali, an koya masa katalogi ne na kati da akwati. A yau ana bukatar ya shigar da bayani a kwamfuta, ya nemo wa malami maƙala a intanet, ya kuma koya wa ɗalibi yadda ake bambance sahihiyar mujalla da ta 'yan neman kuɗi. Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin tambaya shi ne, wa zai koya wa mai rawar sabon taku, a ina, kuma da kuɗin wa?

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin da ma'aikatan laburaren manyan makarantu ke bi su ƙaro ilimi bayan sun kama aiki, tare da auna waɗannan hanyoyi da halin da ake ciki a Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna. Abin da nazarin ya tsayu a kai shi ne, hanyoyin suna nan, har ma sun ƙaru, amma an ɗaura su ne a kan muƙamin ma'aikaci da irin makarantar da yake aiki, ba a kan bukatar aikin ba. An yi amfani da kalmar "laburare" a tilo domin "ɗakin karatu" kan rikice da aji. A jam'i kuwa an koma ga "ɗakunan karatu", tun da har yanzu masu magana ba su tsayar wa baƙuwar kalmar jam'i ɗaya ba.

2.0 Ma'anar Ƙaro Ilimi a Bakin Aiki

Abin da ake nufi da ƙaro ilimi a bakin aiki shi ne duk wani koyo da ma'aikaci zai yi daga ranar da ya sami takardar shaidarsa ta farko ya kama aiki, har zuwa ranar da zai yi ritaya. Iri biyu ne. Akwai mai kaiwa ga sabuwar shaida, kamar difloma ko digiri na biyu ko na uku. Akwai kuma wanda ba ya kaiwa ga shaidar karatu, kamar taron ƙara wa juna sani, da bita, da ziyarar wani laburare, da zama ƙarƙashin gwani a koyi aiki da hannu. Tarayyar Ƙungiyoyin Laburare ta Duniya, wato IFLA, wadda aka kafa a 1927, ta fitar da ƙa'idoji a kan wannan batu a 2006, ta kuma faɗaɗa su a 2016. Daga cikin shawarwarin da ta bayar a 2006 akwai ware aƙalla rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100 na kasafin kuɗin ma'aikata domin horaswa, da kuma barin kimanin kashi 10 cikin 100 na lokacin aiki domin koyo. Ga mai aikin sa'o'i 40 a mako, sa'o'i huɗu ke nan.

Kafin a ci gaba, ya kamata a san cewa ma'aikatan laburaren babbar makaranta a Nijeriya rukuni uku ne. Na farko su ne ƙwararru masu digiri a ilimin laburare, waɗanda tun farkon shekarun 1990 jami'o'i suka daidaita matsayinsu da na malamai, ana kuma yi musu ƙarin girma bisa ga maƙalun da suka wallafa. Na biyu su ne jami'an laburare masu difloma. Na uku su ne mataimaka, waɗanda galibi takardar sakandare ce a hannunsu. Waɗannan na ƙarshe su ke jera littattafai a kanta, su ke ba da aro su karɓa, su ne kuma ɗalibi kan tarar idan ya shigo da yamma bayan manya sun tashi. Wato wanda ya fi kowa haɗuwa da mai karatu shi ne ya fi kowa ƙarancin horo. A kan wannan rabo ne duk bayanin da zai biyo baya ya dogara.

3.0 Waiwaye

Tushen koyar da aikin laburare a Nijeriya yana komawa ne ga taron da Hukumar UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 a kan bunƙasa ɗakunan karatun jama'a a Afirka. Bayansa aka kafa Ƙungiyar Laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, wadda daga cikinta Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, wato NLA, ta fito a 1962. Rahoton Harold Lancour na 1958 shi ya kai ga buɗe cibiyar koyar da aikin a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1959, da tallafin Gidauniyar Carnegie ta Amurka. Ibadan ta karkata ne ga horar da waɗanda suka riga suka sami digiri a wani fanni, domin su zama shugabanni. Arewa kuwa ba ta da masu digiri da yawa a lokacin. Don haka, bayan rahoton F. A. Sharr na 1963 a kan bukatun ɗakunan karatu a Jihar Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashenta a 1968, ta ɗauki wata hanya dabam: digirin farko da difloma. Jami'ar Bayero ta bi sahu a 1977, ta Maiduguri a 1978. Daga waɗannan sassa, musamman na Zariya, akasarin tsofaffin ma'aikatan laburaren Jihar Kaduna suka fito.

Akwai wani darasi da ya cancanci a tsaya a kansa. A 1990 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 120 domin farfaɗo da jami'o'in tarayya bayan matsin da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya jawo, kuma kaso mai tsoka ya tafi ga littattafai da mujallu da kayan aiki. A ƙarƙashin wannan shiri Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta samar wa ɗakunan karatun jami'o'in manhajar TINLIB domin mayar da katalogi cikin kwamfuta. Ba a yi shekaru da yawa ba jami'o'i da dama suka yi watsi da ita. Tsadar sabunta lasisi tana cikin dalilan, haka ma rashin wutar lantarki, amma akwai dalilin da ya shafi mutane kai tsaye: 'yan ƙalilan aka horar, horon kuma gajere ne, idan wanda aka horar ya sauya wurin aiki sai na'ura ta zama kayan ado. A shekarun 2000 gidauniyoyin Carnegie da MacArthur sun gyara wannan kuskure gwargwado, domin sun haɗa sayen kaya da horaswa mai ɗorewa ta hannun Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois. Sai dai jami'o'i shida ne suka amfana: Ahmadu Bello, Bayero, Ibadan, Jos, Obafemi Awolowo da Fatakwal. Dukkansu manyan jami'o'in tarayya ne. Kwalejojin jihohi ba su shiga rancen 1990 ba, ba su kuma shiga wannan ba.

4.0 Manyan Makarantun Yankin

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya, domin tun shekarun 1920 nan ne mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da reshen da ya nufi Jos. A kewayensa akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 1977, take kuma da mazauninta na dindindin a Gidan Waya. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, aka ajiye fannonin aikin gona da na kimiyyar muhalli a Kafanchan. Akwai Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma a cikin garin, da reshen aikin gona na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Samarun Kataf, da Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya a Manchok, da Makarantar Tauhidi ta ECWA a Kagoro, wadda asalinta ke komawa ga makarantar Littafi Mai Tsarki da mishan ɗin SIM ta buɗe a farkon shekarun 1930. A watan Fabrairun 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta mayar da tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachiya Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace.

Abin lura a wannan jeri shi ne, da yawa daga cikinsu rassa ne, hedikwatarsu tana Kaduna ko Zariya ko Abuja. A bisa al'adar aikin gwamnati, takardar gayyata zuwa bita kan sauka ne a hedikwata, a can kuma ake zaɓen masu tafiya. Laburaren reshe kuwa ma'aikatansa kaɗan ne, ta yadda idan ƙwararre ɗaya ya tafi kwas na mako biyu, babu mai riƙe masa teburi.

5.0 Hanyoyin da Ake da Su

5.1 Komawa Makaranta

Hanyar da aka fi sani ita ce neman sabuwar shaida. Mataimaki kan nemi difloma, alal misali a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna; mai difloma kan nemi digiri; mai digiri kuma ya nemi na biyu da na uku a Zariya ko Kano ko wata jami'a. Wannan ita ce hanya ɗaya tilo da ke fitar da mutum daga rukuni zuwa rukuni, shi ya sa kowa ya fi ƙwallafa rai a kanta. Amma tana bukatar hutun ƙaro ilimi da albashi, wanda ba a bayarwa sai bayan an tabbatar wa mutum da aikinsa, ana kuma ɗaure shi da alƙawarin dawowa ya yi wasu shekaru. Wanda bai sami hutun ba sai ya yi karatun ƙarshen mako. Daga Kafanchan zuwa Kaduna ta Zonkwa da Kachiya tafiya ce ta sa'o'i, Zariya kuma tana gaba da kimanin kilomita 80. Jos ta fi kusa, Abuja ma ba ta fi Zariya wuyar zuwa ba, amma sabo da dangantakar malami da ɗalibi sun sa fuskar mutanen yankin ta daɗe tana kallon arewa.

5.2 Asusun TETFund

Babbar rijiyar da ake ɗibar kuɗin horaswa a yau ita ce Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu. Asalinsa Dokar Soja mai lamba 7 ce ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, bayan yarjejeniyar da gwamnati ta yi da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 1992. Dokar 2011 ta taƙaita asusun ga manyan makarantu kawai, ta raba kuɗin kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, sannan kashi 3 a 2023, kafin dokar haraji ta 2025 ta narkar da shi cikin harajin raya ƙasa na bai-ɗaya. Daga cikin ƙofofin asusun, uku ne suka shafi wannan batu: tallafin karatun digiri na biyu da na uku ga malamai, tallafin halartar taruka, da tallafin bunƙasa laburare.

Idan aka ɗora wannan tsari a kan rukunonin da aka ambata a baya, sai hoton ya fito. Ƙwararre mai matsayin malami yana iya neman tallafin digiri. Mai difloma da mataimaki ba su cikin wannan ƙofa, domin ba malamai ba ne. Abin da ya rage musu shi ne kason halartar taro na ma'aikatan da ba sa koyarwa, inda za su yi gogayya da ma'aikatan ofishin rajistara da na kuɗi da na gine-gine. Tallafin bunƙasa laburare kuwa ya fi karkata ga abin da ake iya ƙirgawa a nuna wa mai bincike: littattafai, kantoci, kujeru, kwamfutoci. Ga kuma bambancin makarantu. Gidan Waya da reshen jami'ar jiha da na Nuhu Bamalli suna cikin rukunin da dokar 2011 ta ambata. Makarantar tauhidi ta Kagoro ba ta gwamnati ba ce, don haka ba ta ciki, alhali tana da tarin littattafai da takardu masu daraja ga tarihin yankin. Makarantun fanni ɗaya irin na jinya su ma dokar ba ta lissafa su cikin rukunonin uku ba. Bugu da ƙari, daga 1 ga Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda faɗuwar darajar naira da kuma yawan waɗanda ba su dawo ba.

5.3 Ƙungiya da Hukumar Rajista

Ƙungiyar NLA tana yin babban taro kowace shekara, ana zagayawa da shi jiha-jiha, tana kuma da reshe a Jihar Kaduna. Sassanta na ƙwararru, musamman na katalogi da na fasahar sadarwa, kan shirya bita ta shekara-shekara, wadda masu aikin suka fi yabawa saboda ana taɓa aiki da hannu. A ɗaya ɓangaren akwai Hukumar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, wato LRCN, da Dokar Soja mai lamba 12 ta 1995 ta kafa, ko da yake ba ta fara aiki ba sai 2002. Ita ke ba da lambar CLN, ta kuma wajabta wa masu rajista ci gaba da ƙaro ilimi. A nan ma mai digiri ne ake yi wa rajista.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba game da manyan taruka. Tun da ƙarin girman ƙwararre ya rataya ne a kan wallafa, da yawa kan je taro domin su gabatar da maƙala su karɓi takardar halarta, ba domin su koyo abin da laburarensu ke bukata ba. Ba laifinsu ba ne. Abin da aka ce za a auna shi mutum kan tara. Sakamakon haka sai a sami maƙalu masu yawa a kan matsalolin shigar da kwamfuta aikin laburare, amma a rasa wanda zai iya girka manhajar Koha, wadda kyauta ce tun da aka ƙirƙiro ta a ƙasar New Zealand a ƙarshen 1999. Kuɗin tafiya ma ya zama shinge, musamman bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Ga kuma tsaro: daga ƙarshen 2016 zuwa cikin 2017 gwamnatin jiha ta rufe kwalejin Gidan Waya da reshen jami'a da kwalejin jinya na Kafanchan na watanni da dama saboda rikicin yankin, satar mutane a kan manyan hanyoyi kuma ta sa tafiyar dare ta zama kasada.

5.4 Koyo ta Intanet

Rufe makarantu da annobar korona ta jawo a watan Maris na 2020 ya buɗe wata ƙofa. IFLA da Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Afirka, wato AfLIA, wadda aka kafa a 2013 mai hedikwata a Akara, sun yawaita laccoci ta intanet, da yawansu kyauta. Shirin Research4Life, wanda ya haɗa rumbunan mujallu irin su HINARI na kiwon lafiya da aka fara a 2002 da AGORA na aikin gona da aka fara a 2003, yana da kwasa-kwasai na koyon yadda ake bincike a cikinsu. Wannan hanya ba ta tambayar muƙami, ba ta kuma bukatar sa hannun shugaba. Abin da take bukata shi ne wuta, da sadarwa mai ƙarfi, da kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Tana kuma bukatar Turanci mai zurfi, wanda mataimaki mai takardar sakandare ba lalle ne ya iya bin sa da kunne ba idan Bature yana magana da sauri.

6.0 Ilimin da Yankin Ke Bukata

Ko da an kawar da dukkan waɗannan shingaye, akwai ilimin da ba za a samo a Abuja ko Akara ba, shi ne kuwa ya fi shafar masu nazarin harsunan Nijeriya. Kudancin Kaduna yana daga cikin wuraren da suka fi yawan harsuna a ƙasar nan, kuma kusan kowace al'umma tana da suna biyu: wanda Hausawa da Turawan mulki suka kira ta da shi, da wanda take kiran kanta. Kaje su ne Bajju, harshensu Jju. Kataf ko Katab su ne Atyap, harshensu Tyap. Jaba su ne Ham, harshensu Hyam. Haka Kagoro da Agworok, Kaninkon da Nikyob, Kagoma da Gwong, Kadara da Adara. Ɗalibin da ya zo neman abin da aka rubuta a kan Atyap ba zai ga babin da C. K. Meek ya yi a kansu a littafinsa na 1931 ba, domin a ƙarƙashin Katab yake, sai idan mai katalogi ya san sunayen biyu ya haɗa su da alamar "duba" da "duba kuma". Wannan aiki ne na kundin tabbatattun sunaye, kuma babu wanda zai yi wa Gidan Waya shi daga Washington.

Tsarin rarraba littattafai ma bai yi wa waɗannan harsuna adalci ba. Hausa tana da gurbinta, 493.72 a tsarin Dewey, PL8231 zuwa PL8234 a tsarin Laburaren Majalisar Amurka, tana kuma da lambar harshe "hau" a tsarin MARC da kwamfuta ke karantawa. Jju da Tyap ba su da lambar kansu a jerin MARC. Ana cusa su ne a ƙarƙashin "nic", lambar tarkacen harsunan Neja-Kwango, duk da cewa a ma'aunin ISO 639-3 suna da "kaj" da "kcg". Ma'aikacin da bai san haka ba zai shigar da Sabon Alkawari na Jju da littafin koyon karatun Tyap, su ɓace cikin ɗaruruwan harsuna. Abin mamaki, masu magana da Tyap sun riga ɗakunan karatu a wannan fage, domin tun 2022 suke da Wikipedia da harshensu.

Ita kanta Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa da na coci da na masallaci a yankin, tana da tata matsalar, wato haruffa masu ƙugiya. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kundin digiri a wata kwamfuta dabam ya ga yadda ƙ ke komawa q, ɗ ta koma x, ɓ ta koma v, saboda an buga shi da haruffan da ba na Unicode ba. Idan aka ɗora irin wannan kundi a rumbun intanet na makaranta, kamar wanda ake ginawa da manhajar DSpace, mai neman "ƙasa" ba zai sami "qasa" ba, ba zai kuma sami "kasa" ba sai an saita manhajar ta ɗauke su ɗaya. Gyaran wannan bai fi koyon yini biyu ba, amma sai an sami malamin harshe da ma'aikacin laburare sun zauna a teburi guda. Haka batun yake ga takardun ajami na masarautar Jama'a, da rahotannin mishan, da abin da aka rubuta a kan kayan tarihin Nok tun daga binciken Bernard Fagg a shekarun 1940: adana su yana bukatar horo irin wanda ake samu a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Misali na ƙarshe daga gona yake. A daminar 2023 cutar funfuna ta afka wa citta a Kachiya da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ta halaka amfanin manoma masu ɗimbin yawa, a yankin da ya fi ko'ina noman citta a Nijeriya. An daɗe ana bincike a kan cututtukan citta a Indiya da Sin, sakamakon kuma yana cikin mujallun da AGORA ke buɗewa. Malamin aikin gona a Kafanchan ko Samarun Kataf zai kai gare su da wuri ne idan ma'aikacin laburarensa ya san yadda ake rajistar makaranta, ya san sunan tsiron na kimiyya, Zingiber officinale, ya kuma iya tace sakamakon bincike. Ruwa na ƙasa, in ji Bahaushe, sai ga wanda bai tona ba.

7.0 Horaswa ta Cikin Gida da ta Maƙwabta

Hanyar da ta fi arha ita ce aka fi rainawa. Kafanchan da Kagoro da Manchok da Gidan Waya da Samarun Kataf duk suna kusa da juna, ana zuwa a dawo a yini guda ba tare da kwana a otal ba. Idan ɗaya daga cikin makarantun tana da wanda ya iya Koha, wata tana da gwanin ɗaurin littafi, wata kuma tana da malamin Hausa ko na Jju, to bitar yini ɗaya a kowane zangon karatu, ana karɓar baƙunci bi da bi, za ta isa ga mataimakan da ba su taɓa halartar taron ƙasa ba. Ana iya yin bayanin da Hausa inda Turanci ya gaza. A cikin gida kuma, akwai juya ma'aikata daga sashe zuwa sashe, da wajabta wa duk wanda aka tura taro ya tara abokan aiki ya koya musu abin da ya samo kafin a rufe takardun kuɗin tafiyarsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne maganin abin da ya faru da TINLIB.

Abin da ke kashe irin wannan yunƙuri shi ne rashin shaida. Kwamitin ƙarin girma yana ƙirga takarda mai hatimi, ba ya ƙirga yinin da aka yi ana koyon saita haruffa masu ƙugiya. Matuƙar haka ne, ma'aikaci mai hankali zai gwammace ya tara kuɗi ya je taron nesa. Gyaran yana hannun hukumomin da ke akwai. LRCN tana iya amincewa da bitar yanki a matsayin wani ɓangare na ƙaro ilimin da ta wajabta, reshen NLA na jiha ya sa mata hatimi, majalisun makarantu kuma su rubuta sa'o'in horo cikin sharuɗɗan ƙarin girman masu difloma da mataimaka. Hukumomin da ke zuwa tantance kwasa-kwasai, wato ta jami'o'i da ta kwalejojin ilimi da ta ilimin fasaha mai hedikwata a Kaduna, sun saba ƙirga littattafai da kujeru da takardun shaidar ma'aikata; ƙara tambaya ɗaya a kan horon da kowane ma'aikaci ya samu cikin shekaru uku da suka wuce ba zai ci kuɗi ba. Sabuwar jami'ar Kachiya kuwa, da yake ta tarayya ce kuma yanzu take gina laburarenta da ma'aikatanta, tana da damar sanya kason horaswa a kasafinta tun daga tushe, ta kuma buɗe ƙofar bitarta ga maƙwabta, tun da garin yana kan hanyar da mutanen Kafanchan da Zonkwa ke bi zuwa Kaduna.